Sunan Baba a Kan Bulon Hamid

Daga Dakoro, zuwa ga yayana Abdurrazak a Tamanraset.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan takardar nan ta same ka lafiya, kai da Haula da yara. Allah ya kare min kai, ya sa albarka a nemanka. Mu nan ƙalau muke. Ƙafar Inna ta yi sauƙi har ta koma zuwa gidajen suna, wake kuma ya yi kyau a gonar Sabon Maci.

Yaya, raina a ɓace yake, ba zan ɓoye maka ba. Ka san tun rasuwar Baba ni ke riƙe da wurin buga bulo. To, abokinka Hamid, wanda Baba ya koya wa aiki daga baya ya kore shi, ya buɗe nasa wurin a hanyar Korahane ya raɗa masa Bulon Sallau. Sunan ubanmu fa. Kullum bayan labarun safe sai ka ji shi a rediyo yana cewa shi ne magajin marigayi, wai hannun Baba na kan kowane bulonsa. Yashi yake zubawa, siminti kuwa sai dai ya nuna wa bulon buhu daga nesa. Da damina katangar wani gida a Mai Yara, wadda aka gina da bulonsa, ta zube kan awaki, mai gidan ya zo har ƙofarmu yana zagin Baba a kabarinsa, Inna na ji daga ɗaki. Ranar ko ruwa ba ta sha ba. Na je na sami Hamid, ya yi dariya ya ce ai Sallau ba ɗaya ba ne a duniya, in koma gida in tuƙa tuwo.

Wata mai kamawa za a yi baje kolin kayan gini a Maradi, ƴan kwangila da ƴan jarida duk za su je. Hamid ya kama babbar rumfa, har ya sa an buga hoton Baba a kan ƙyalle. Ni ma na kama tawa daidai gaban tasa, na yi hayar lasifika, na kuma sayi fili a rediyo nan da nan bayan tallarsa. Abu ɗaya ya rage, kuma yana cikin salularka: saƙon muryar da Baba ya aiko maka yana faɗin dalilin korar Hamid, inda ya ce, "Ko bayan raina, ban yarda yaron nan ya gina wa kowa da sunana ba." Haula ta ce min har yanzu kana saurarensa in kewa ta dame ka. Ka turo min shi. So nake Hamid ya tsaya ƙarƙashin hoton nan, a gaban masu saye, Baba ya sake korarsa da bakinsa.

Na san halinka, za ka ce a kwano ɗaya kuka ci kai da Hamid. Ba kai ka ga fuskar Inna ranar ba. In ka hana ni, kai za ka gaya mata da bakinka cewa abota ta fi maka sunan mijinta.

Inna na gaishe ka, haka Gwaggo Uwale da Bubakar. Ka gaishe min da Haula, ka shafa min kan Mamani. Gwaggo ta zauna ta yi min nasiha in yafe wa Hamid don Allah. Na ce mata zan yafe, amma sai an tashi daga baje koli.

Taka ƙanwa,
Suwaiba Sallau