Abin da Kawu Garba Bai Faɗa Ba

Maamobi, Accra

Inna,

Assalamu alaikum. Ya ciwon gwiwar? Ki gaishe min da Yaya Sabi'u da yara. Ni lafiya lau. Ɗakina na ɗan yoyo, amma kada ki damu.

Inna, na sami yayanki Kawu Garba, shekara arba'in bayan barinsa gida. Kwana tara ina gefen tabarmarsa ina rubuta labarinsa don littafina. Ranar Laraba ya ce, "Gobe zan gaya miki abin da ya hana ni komawa." Da na zo da safe, har an yi masa wanka. Allah ya jiƙansa.

Tun ranar na kasa rubutu. Ƙago labari sana'ata ce, amma wannan ba zan ƙaga masa ba. Ke kaɗai kika san dalilin. In kin yarda, Yaya Sabi'u ya rubuto min. In kin ce in bari, na bari.

Ya tambaye ni ko har yanzu kina fushi da shi. Na ce a'a. Allah ya sa ban yi masa ƙarya ba.

'Yarki,
Balaraba