Na Yanke Filogin Firjin Rigakafi, Aka Kori Taubashina

Assalamu alaikum jama'ar wannan shafi. A ɓoye sunana, kuma don Allah kada a yi mini ca, na zagi kaina ya isa.

Ni mai gyaran wayar mota ne a Bukkuyum. Daga Anka har Gummi babu wayar da ta gagare ni, ina yawan cewa ko tsawa aka kawo mini sai na sa mata fis. Taubashina Mamman, ɗan kawuna, direba ne a wata ƙungiya mai kai allurar rigakafi ƙauyuka da mota mai jan ƙafa huɗu. Aka kawo musu sabon firji na bayan mota, filoginsa ja, na motar kuma ruwan toka, irin ƙattin nan masu ɗaukar wuta mai yawa daga batir. Sai suka ƙi shiga juna. Ashe da gangan ake yinsu haka, kowane launi da bakinsa, ni kuwa ban taɓa gani ba.

Mamman ya kawo motar garejina ya nuna mini, ya ce, "Taubashi, Oganmu ya ce a jira filogi mai launin da ya dace daga Gusau." Gareji cike da mutane, ta yaya zan ce ban sani ba? Na ce, "Kai baƙauye, wuta ta san launi? Miƙo filaya." Na datse duka biyun, na murɗe wayoyi, na naɗe da salatif, ana ta dariya.

Kafin su kai ƙauyen Zugu wurin da na haɗa ya yi zafi ya narke, firji ya mutu ba wanda ya lura. Mata sun taru da goyo tun safe, aka buɗe aka iske magani ya ɗume, aka zubar. Da mutanen ofis suka zo bincike, Mamman na tsaye, na dubi idonsu na ce ban taɓa sa hannu a motar ba. Har rantsuwa na yi. Suka ce shi ya cire filogin ya sayar, suka kore shi.

Yanzu babur yake haya a hanyar Zugu, hanyar da kowa ya san 'yan bindigar da ke cikinta, ga 'ya'ya shida. Filogan nan biyu suna ƙasan akwatin kayan aikina. In na kai su ofis wataƙila a mayar da shi, amma wa zai sake kawo mini mota? In kuma suka haɗa ni da 'yan sanda fa? Me zan yi?

Shekaranjiya muka haɗu a wurin suna, na jawo shi da wasa kamar da, ko zai saki fuska. Ya zare hannunsa a hankali ya ce, "Bar wasan ga, taubashi. Salatif ɗinka ya fi ka amana, shi ko rabin hanya ya raka ni."