Mawaƙan Röbel da Mutumin Waren

Talata, 3 ga Mayu, 1994
Ta tabbata: za a haɗe gundumarmu ta Röbel da ta Waren. Gwamnatin kwaminis ce ta yanka mana gundumar, ta tafi, mun zauna lafiya. Yanzu kuma a ce mu koma ƙarƙashin masu faɗin ran nan na tsallaken tafki. Abin da ya fi ci mini rai, ƙungiyar mawaƙa ɗaya za a bari, da jagora ɗaya. Ni Waltraud Dettmann na kafa tamu tun gashina baƙi.

Talata, 10 ga Mayu
Jagoran Waren ya zo gwaji da mazansa. Herr Pagel, wato Malam Pagel. Dogo, ga sanƙo, ga baki. Wai, "Frau Dettmann, matanki waƙa suke ko kiran kaji?" Na ce, "Mun ji shanu sun iso ne, muke gargaɗin juna." Har mutanensa suka fashe da dariya.

Asabar, 14 ga Mayu
Ya aiko mini da ƙyafaffen kifi. Cin hanci! Na dai cinye.

Talata, 24 ga Mayu
Gaskiya muryoyin sun dace, nasu ƙasa, namu sama. Ƙanwata Hiltrud har da hawaye, sakarya. An ce wanda ya ja waƙa ranar bikin haɗewa shi ne jagora.

Lahadi, 12 ga Yuni
Biki a bakin tafki. Injin jirgin 'yan Waren ya mutu a tsakiyar ruwa, muna hango su. Hiltrud ta tsunkule ni: "Yaya, ga dama ta faɗo, fara!" Na ɗaga hannu, sai na ji ba zan iya ba. Na juya na kama ba jama'a labarin shekarar da muka yi waƙa a gonar haɗin gwiwa, alade ya shigo ya tsaya a sahun gaba. Na yi ta jansa ana ƙyaƙyatawa har masunta suka jawo jirgin.
Pagel ya iso wando a jiƙe. Ya ce, "Me ya hana ki farawa?" Na ce, "Wa zai yi mana kukan shanun?" Ya ja waƙa biyu, na ja biyu. Masu yanke hukunci suka rasa ta cewa, suka bar mu tare.

Alhamis, 16 ga Yuni
Na tsallaka Waren yau. Zare na je saya. A Röbel ma akwai zare, na sani. Garin ba laifi.