Yayen da Kika Yi Mini Ina da Gemu

Zuwa ga mahaifiyata, Inna,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin ta ɗa ga mahaifiya, da fatan kina cikin rahamar Ubangiji a makwancinki, ina sanar da ke cewa ina nan lafiya, kuma da ƙarfina. Na fara da wannan ne don na san shi za ki fara tambaya. Na kuma san ba ni za ki tambaya ba, matata Rabi za ki tambaya.

Ni ne ɗan farinki, saboda haka ban taɓa jin sunana a bakinki ba. Tun da aka kai ni yaye ɗakin Kaka ban sake kwana a naki ba. Kina sayar da tuwo a ƙofar gidanmu na Unguwar Kanawa, leburori da direbobi kowa "ɗana" kike ce masa, wanda kika ga ya rame ki ƙara masa malmala. Ni kuwa in na zo wucewa, sai ki sami abin kallo a cikin tukunya. Ina yaro abin yana ci mini rai, na ɗauka alkunyar nan ta cinye son gaba ɗaya.

Na girma, na zama direba a ma'aikatar gwamnati, na kama haya a Unguwar Sarki. Sai gyambon ciki ya sa ni gaba, har ranar da na yi aman jini a bakin aiki. Aka yi mini tiyata, aka yanke fiye da rabin tumbina. Da za a sallame ni likita ya yi bayani: in ci kaɗan-kaɗan, sau da yawa a yini, in tauna sosai, in guji zaƙi, kada in kora abinci da ruwa. Muka ce to. Amma wa zai gaya wa Bahaushe cewa mara lafiya kada ya ƙoshi?

Masu dubiya suka yi ta zuwa, kowa da langarsa. Kunun gyaɗa da siga har yana danƙo, shayi mai kauri, lemon kwalba, tuwo malmala guda. Kowa maganarsa ɗaya, "Daure ka ƙara." In na daure na ƙara, ba a jimawa zufa ta karyo mini, zuciya ta kama dukan uku-uku, jiri ya kwashe ni, sai banɗaki. Har na kai in na ji ƙarar murfin langa gabana ya faɗi. Na daina ci. Wandona ya koma kamar na aro, nakan ji Rabi tana kuka a madafa, maƙwabta kuma sun fara cewa sai dai addu'a. Ni ma a raina na sallama.

Sai ga ki wata safiya, da ƙafa, da ɗan ƙunshi a hannu. Ba ki kalli inda nake kwance ba. Kika dubi langunan da aka jera, kika dubi Rabi, kika ce, "Ciki ya koma na jariri, kuna yi masa ɗurar ƙato. Yaye za a sake." Kika kwance ƙunshin, sai ga ɗan kwano wanda bai fi tafin hannu ba, bakinsa duk ya fashe. Daga baya Rabi ta gaya mini shi kika saya lokacin yayena, ba a kuwa ba ki damar amfani da shi ba.

Ke da kika saba kwasar tuwo da babbar mara, kika koma awo da cokali. Ƙwai dafaffe da safe. Da hantsi alale. Can an jima faten dankali da kifi, ko naman da kika dafa har ya yi lugub kika daka shi, ko kindirmo ba siga. Gwangwanin sigar ma kika ƙulle shi a bakin zane kika tafi da shi gida. Moɗar ruwa kuwa kikan ɗauke ta, sai abinci ya zauna kike dawo da ita. Masu dubiya ki karɓi langarsu da hannu biyu, ki sa musu albarka, suna fita ki aika da ita maƙwabta.

Duk wannan kina zaune a bakin ƙofa, kin ba ni baya, kina tsintar wake. In kin ji na haɗiye da wuri, sai ki ce wa Rabi, "Gaya wa mijinki haƙori ba ado ba ne." In na yi mitar cewa wannan ɗan abu ba zai ta da mutum ba, sai ki ce da bango, "Sannu ba ta hana zuwa."

Ranar da ba zan manta ba ita ce ranar da Rabi ta tafi barka, aka bar mu mu biyu. Kika zuba abinci, kika rasa ɗan aike. Kika yi ta gyaran murya. Can sai kika dubi kyanwar gidan kika ce, "Ke, gaya masa abin nan yana hucewa." Na yi dariya har sai da na dafe ɗinki. Na ga kafaɗarki tana rawa, ke ma dariyar kike, amma ko a nan ba ki juyo ba. Ranar na fara cinye kwanon nan tas, na kuma zauna ina jiran jiri, bai zo ba.

Sana'ar tuwonki ta rana kuwa kin rufe ta har na miƙe. Direbobin da suka saba da ke suka koma wani wuri, wasu ba su dawo ba. Ba ki taɓa ɗaga maganar ba.

Na koma aiki da 'yar langata a ƙarƙashin kujerar mota. Abokan aiki suka laƙaba mini "mai kwanon yara". Nakan ce musu ku ci naku a zama ɗaya ku yi ta hamma, ni yini nake ina ci. Har yau haka nake, allurar ƙarin jinin da likita ya rubuta kuma ba na fashinta. In an ce an yi wa wani irin tiyatar da aka yi mini, ni ake kira. Nakan zauna da iyalinsa in gaya musu abin da kika gaya wa Rabi, ban ƙara komai ba. Ban san abin da ake kira ƙoshi irin na da ba, Inna, amma ban kwana da yunwa ba, kuma ba na tsoron abinci.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne, makon jiya jikarki Hadiza ta kawo mana 'yar farinta yaye. Ta ajiye ta, ta kawar da kai, ta kama yi wa Rabi hirar tsadar manja kamar ba ta san yarinyar ba. Amma na ga hannunta yana lalubar jaka, ta fito da ɗan kwano sabo ta tura ƙarƙashin kujera. Sai na tashi na shiga ɗaki, don kada su ga idona. Ashe gaskiya ne da ake cewa ba don tuwo kaɗai aka yi ciki ba. Na yi kewarki, Inna, kewa mai yawa.

Allah Ya jiƙan ki, Ya haskaka kabarinki, Ya ciyar da ke daga abincin Aljanna kamar yadda kika ciyar da ni. In Ya haɗa mu a can, ba sai kin kira sunana ba. Ki aiko kyanwa, zan gane.

Ɗanki,
Mijin Rabi