Alƙalin Soso

Gaɓar Darna, Agusta 1956

Zuwa ga matata Temelina,

Bayan gaisuwa mai yawa, yaya Inna da ciwon bayanta? Haƙoran Nomiki sun fito kuwa? Ni lafiya lau, sai gajiya.

Kada surutun matan tsibirinmu Kalimnos ya tayar miki da hankali. Gaskiya ne na daina nutson ciro soson teku. Mako uku ke nan da aka yi saurin jawo ni daga ƙasan teku, ƙafafuna suka ɗan yi nauyi. Kyaftin Mikes ya ce, "Huta abinka, Skebos, kai ne alƙalin soso yanzu." Wuni nake zaune a jirgi ina ware shi: mai manyan ramuka daban, mai laushi kamar kumatun Nomiki daban, sai mai faɗin kunnen giwa. Ko ido rufe ina gane su.

Jiya na ɗaga wani ɗanye, baƙi wuluk, yana ƙarni, na ce, "Dubi ciyawar da muke mutuwa a kanta." Kyaftin ya ce, "Ciyawar gidanku! Dabba ce. Ba ta da ƙafa, tana manne da dutse ɗaya, ruwa ke kawo mata abinci." Ya fara dariya, sai ya kalli ƙafafuna ya daina.

Ki turo min taba. Ranar da za mu dawo, kada ki kawo Nomiki bakin ruwa. Ki ce wa yayana ya zo da jakinsa, kuma a sauko da gadonmu ɗakin ƙasa.

Allah ya sada mu da alheri.

Mijinki,
Skebos