Jan Ruwan da Baba Ya Sa a Wuta

Filinge, 9 ga Nuwamba

Zuwa ga ƙanwata Samiratu,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa tare da fatan kina lafiya, sanyin Faransa bai hana ki karatu ba. Mu nan lafiya lau, alhamdu lillahi. An gama yankan gero a gonarmu ta Tabla, rumbu ya cika, Inna kuma ƙafarta ta yi sauƙi har tana zuwa kasuwa da kanta. Allah ya ƙara mana lafiya baki ɗaya.

Bayan haka, ƴar kwalbar jan ruwan da kika aiko ta iso, ta kuwa tayar da rigima. Kin san Baba, shekara hamsin yana ƙirar zinariya, ba ya yarda da abin da bai gwada ba. Da na karanta masa wasiƙarki cewa zinariya ce a ciki, ya ɗaga kwalbar a rana ya ce wannan zoɓo ne, an cuci ɗiyarsa. Ya ce in rubuta miki ki tattara ki komo gida, ba zai bari ki ƙara shekara uku kina dama zoɓo ba. Gaskiya hankalina ya tashi, don na san ba za ki zauna ba sai da yardarsa.

Na kira Malam Zakari mai koyar da kimiyya a makarantar lise don ya bayyana masa wasiƙarki. Ya ce in zinariya tana da girma, ƙwayoyinta a jere suke layi-layi kamar tubalin gini. In aka farfasa ta har ido ba ya ganinta, kowane ɗan gutsure ƙwayoyinsa kaɗan ne, yawancinsu a bayan gutsuren ba a cikinsa ba, sai su bar layi su dunƙule kamar lemu goma sha biyu kewaye da guda. Ya ce launin ma ƙanƙantar ce ta canza shi. Baba ya saurara har ƙarshe, ya ba shi shayi, ya ce shi dai wuta ba ta taɓa yi masa ƙarya ba.

Ki yi haƙuri da abin da zan faɗa. Washegari na shiga maƙera na tarar ya juye kwalbar duka cikin kasko yana zuga, aikinki na wata huɗu. Ruwan ya ƙafe, jan ya ɓace, sai ga ɗan shafe rawaya a gindin kasko. Ya ɗiga masa ruwan gwajin zinariya, bai ci shi ba. Ya daɗe yana kallo, sannan ya fashe da dariya har da hawaye. Ya ce tun da yake, zinariya ba ta taɓa ɓuyar masa ba sai a hannunki. Ya ce ki zauna ki ƙare karatunki, ya sa miki albarka. Ya kuma ce ki aiko wata kwalbar, wannan karon kallo kawai zai yi. Ni dai zan ɓoye kaskon.

Inna da Gwaggo Delu da matata Habsatu suna gaishe ki ƙwarai. Ki gaishe mana da Kawu Abdulgafar da iyalinsa in kin je wurinsu.

Ni ne yayanki mai farin ciki,
Ibrah