Bangon Ɗakin Inna Ya Tsage

Yaya Hadiza,

Assalamu alaikum. Ya gida, ya yara, ya ƙarfin jikin Inna?

Damina ɗaya sabon gidanmu na Lugbe ya gani, bangon ɗakin Inna ya tsage. Injiniya ya murza bulon, sai yashi. Ban taɓa duba aikin ɗan kwangilar ba, don sahu ɗaya muke sallah. Na kai ƙara, hukuma ta dakatar da lasisinsa. Jiya ya turo dattawa wai in janye. Na kai su ɗakin, na ce wanda zai kwantar da mahaifiyarsa nan ya yi magana. Ɗaya bayan ɗaya suka fita.

Ki gaida maigidanki Malam, a sa mu a addu'a. Kada Inna ta ji tukuna, na san ta riga ta ɗaure kayanta na tarewa a ɗakin.

Ƙaninki,
Sani